Minti Uku da Ƙofa a Bayan Curtis

Tun ƙarfe takwas na safe muke ɗakin kwamitin majalisar jiha, ga shi har rana ta karkata ba a kira ƙudurinmu ba. An yi na gadoji, an yi na harajin taba, mu kuwa tsofaffin soja goma sha ɗaya mun jeru a jikin bangon gefe, muna ta shan kofi. Ba wanda ya ajiye mu can. Tun da muka dawo daga yaƙi dai, cikinmu babu mai iya ba wa ƙofa baya.

Ƙudurin zai sa jiha ta biya kuɗin jinyar da ba ta ƙwayoyi ba, irin wadda muke samu a gonar dawaki da ke bayan gari. In ya mutu a kwamitin nan, gonar za ta rufe a watan Yuni. Curtis Beaudry, wanda ya yi kofur a ƙarƙashina, sai da ya fara zuwa can ya samu barcin kirki bayan shekara tara. Shi muka zaɓa ya yi magana, don duk cikinmu shi kaɗai ne ba ya ashar.

"Saje, bari in fita in sha iska," in ji Curtis.

"Karo na biyar ke nan. So kake ka shanye ta garin? Zauna, Kofur."

Da aka kira shi na ga matsalar. Kujerar mai ba da shaida tana tsakiyar ɗaki, tana kallon 'yan majalisa, ƙofa kuwa a bayanta. Minti uku ake ba kowa. Ya zauna, ya buɗe takarda, sai wani ya shigo. Curtis ya waiga. Ya faɗi sunansa, ƙofar ta sake ƙara, ya sake waigawa. Minti guda ya tafi a haka, gumi har wuyan riga.

Tausayi da haushi suka cika ni. Na tashi na tsaya a bayan kujerarsa, na fuskanci ƙofa. Sauran suka taso suka jeru kusa da ni.

Shugabar kwamitin ta buga guduma. Sai a lokacin na tuna cewa a gidan nan masu zanga-zanga ne ke juya wa 'yan majalisa baya don cin fuska. Masu gadi suka nufo mu. Na ce a raina, mun kashe ƙudurin da hannunmu.

"Ranki ya daɗe, ba raini ba ne," in ji Curtis. "Ƙofa suke tsare mini. A gonar, doki ne ke yi mini wannan aikin, kunnensa kawai nake kallo in san ko wani na tafe. Waɗannan kuwa kowa da iyalinsa, ba za su bi ni gida ba. In gonar ta rufe, ba ni da mai tsare mini."

Ban juya ba, don haka ban ga fuskar shugabar ba. Na dai ji ta ce wa magatakarda ya mayar da agogon farko, a sake ƙirga wa Curtis minti ukunsa.