Abin da Aka Faɗa wa Turmi

"Wane ne uwan yaron nan?"

Karo na uku ke nan Afiniki tana tambaya, kuma karo na uku matan rugar suna duban ƙasa kamar allura ce ta faɗi musu. Yaron yana kwance kan tabarma a ƙofar bukka, bai fi shekara uku ba, jiki zafi zau, leɓɓa a bushe. Sunansa Babayo. Shi ma sunan sai da ta sha wuya kafin wata maƙwabciya ta raɗa mata.

Afiniki ma'aikaciya ce a ɗakin shan magani na mishan da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. Litinin da Alhamis takan ɗaure akwatin magani a bayan keke ta bi ƙauyuka da rugage. Ta karɓi haihuwa a tsakiyar gonar citta, ta wanke gyambon da mai shi ma ba ya iya dubawa, amma ba ta taɓa shiga gidan da mata shida ke tsaye, yaro yana neman uwa ba.

"Nawa ne," in ji Nene, kakar yaron ta wajen uba, tana dogara sanda. "Ni ne uwansa, ni ne ubansa."

"To Nene, ƙwayoyin da na ba ki ran Litinin, na ce a narka a nono safe da rana da yamma, kin ba shi?"

"Duka na ba shi, Likita. Ko ɗaya ban rage ba."

Tsohuwar ta sunkuya ta ɗaga wani sabon ƙullin fata da ke rataye a wuyan yaron, ɗinki tsaf, har da ɗan ado ja a baki. Afiniki ta latsa shi, ta ji ƙwayoyinta suna motsi a ciki.

"Yesu mai ceto! Nene, sha ake yi!"

"Sha?" Nene ta dube ta da tausayi. "Abin da ya taso tun daga ƙasan Turawa cikin jirgi, a haɗiye shi yau, gobe ya bi bayan gida? A wuya ya fi daɗewa."

Afiniki ta juya wajen uban, Yuguda, da ke tsaye nesa da sanda a kafaɗa. "Malam Yuguda, ɗanka fa..."

Ba ta ƙarasa ba mutumin ya ɗaga kai ya binciki sama, ya ce hadari yana haɗuwa kuma shanu sun yi nisa, ya sa kai. Bai kai ko'ina ba. Tana hango ƙafafunsa a bayan bishiyar ɗorawa.

Ta daɗe tana jin labarin kunyar ɗan fari wajen Fulani: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta san da shi a gaban mutane, uba ma haka. Ta ɗauka abin na ranar suna ne da baƙi. A ƙauyensu, can wajen Samaru Kataf, yaro ya yi atishawa biyu ihun uwarsa sai ya tara mutanen tsauni. Ranta ya ɓaci ƙwarai, tsoro kuma ya kama ta. Rafi ya kawo, ita kanta da keke a ka ta haye, balle a ɗauki maras lafiya. Wata mai naƙuda tana jiranta a gaba. In ta bar magani hannun Nene, Litinin mai zuwa yaron zai sami laya biyu, in ya kai Litinin ɗin.

Sai ta lura da wata yarinyar mace a gefe, ta ba su baya tana daka. Tun zuwan Afiniki take dakan nan, geron ya zama gari, garin ma ya gaji. Duk sanda yaron ya yi nishi, taɓaryar takan tsaya a sama. Hancinta da na yaron kuwa iri ɗaya sak.

"Ke, yaya sunanki?"

"Hussaina."

"Hussaina, ba ke ne uwansa ba?"

"Ni ba ni da kowa nan. Yaron Nene ne." Taɓarya ta sauka dim, har gari ya tashi.

Afiniki ta buɗe baki za ta zazzaga mata abin da ke cikinta, sai ta ga ta saci kallon yaron, ta yi maza ta kau da kai. Ta haɗiye maganar. Ta tattare farar rigarta ta aiki, ta durƙusa a gaban turmin, ta gyara murya.

"Sannu da aiki, Turmi."

Matan suka dubi juna. Wata ta cusa bakin zane a baki.

"Rana ya buge Likita," in ji Nene. "A kawo mata ruwa."

"Turmi, da kai nake magana, ban da kowa. Ga ƙwaya rawaya nan zan ajiye a gindinka. Rabi za a murƙushe, a dama da nono, a ɗura wa yaron Nene. Safe in an tatsi shanu, rana in inuwa ya dawo ƙarƙashin ƙafa, yamma in shanu sun shigo. Ɗaci ne da shi, zai yi kuka, kar a ji tausayi. A riƙa goga masa tsumma mai sanyi. Ka ji, Turmi?"

Har ƙafafun bayan ɗorawa sun matso. Can Hussaina ta sunkuya kamar mai tsince tsakuwa a gari, ta yi magana cikin turmin, murya ƙasa-ƙasa.

"Turmi, in ya yi amai fa?"

"Turmi, a dakata kaɗan a sake ba shi."

"Turmi, in ya ƙi buɗe baki?"

"A matse hanci, Turmi. Bakin zai buɗe da kansa."

Afiniki ta ɗura wa yaron rabin ƙwaya na farko da hannunta, a hankali, ta karkata yadda mai daka za ta gani ta wutsiyar ido. Layar kuwa ta bar masa, har ta yaba wa Nene ɗinkin. Da ta waiwaya gindin turmi, ƙunshin magani ya ɓace.

Ran Litinin har zuwa Alhamis ruwa ya shanye mashigin rafi, ba keke ba ko saniya ba ta hayewa. Afiniki ta yi ta zullumi, abinci ma ba ya shiga. In ta tuna ta bar ran ɗan mutum a hannun turmi, sai ta rasa ko dariya za ta yi ko addu'a.

Ran Juma'a da hantsi, bayan ruwa ya janye, tana wanke kwalabe ta ji "Nono! Nono!" a ƙofa. Hussaina ce da ƙwarya a ka. Ta sauke, ta ciro curin man shanu a ganye ta ajiye a kan dakali. Yatsunta uku sun rine rawaya shar.

"Yaya yaron?" in ji Afiniki.

"Wane yaro?"

Afiniki ta dafe goshi. "Af. Yaya Turmi?"

"Turmi yana gaishe ki. Shi ya aiko da man nan." Hussaina ta kafa ido kan layin dogo. "Ya ce wai yaron Nene ya tashi, jiya har ya fasa ƙwarya biyu. Nene tana ta gaya wa mutane laya ne."

Ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta yi taku biyu, sannan ta tsaya ba ta waiwayo ba.

"Ya ce kuma in gaya miki, kwana huɗu bai runtsa ba."