Bargon Tutoci

Shekara talatin babana yana ɗinka tutocin da ake jerawa a teburin ma'aikatar man fetur. Duk sanda manyan ƙasashe biyu suka turo jakadu zawarcin rijiyoyinmu, ba ya samun sukuni.

"Kowanne sai ya sa an auna tutarsa da ta abokin gabarsa," in ji shi yana dariya. "In wata ta ɗara da yatsa ɗaya, taro ya watse. Alhali daga bandir ɗaya nake yanko musu jan yadin!"

Yanzu rijiyoyin sun ƙafe, jakadun sun yi gaba. Ƙyallayen da suka rage, babarmu ta harhaɗa ta ɗinka masa bargo kafin ta rasu.

Na ce, "Baba, a nan ba sa faɗa?"

Ya shafa bargon. "Babarku ce ta haɗa su. Wa ya isa?"