Wanda Ya Tsayar da Motocin

Kofur ya riga ya ɗora ƙafa a kan titi lokacin da matarsa ta riƙo gefen rigarsa.

"Jira ta yi kore," ta ce. "Yanzu fitila ce mai ba da hannu, ba kai ba."

Ya ja da baya yana ƙunƙuni. Rabin rayuwarsa a tsakiyar wannan mahaɗa ya yi ta, usur a baki, rana a ka, yau ga shi tsaye yana jiran izinin ƙwan lantarki. Da ta yi koren ma sai da ya duba hagu da dama, don bai taɓa yarda da fitilar ba.

A tsallake aka kafa rumfar. Farin tamfol ne da tebura biyu, sai wata ƙatuwar taswirar garin da aka sossoke da allurai masu launi. Wasu matasa ne suke tara abin da mutane ke tunawa game da garin. Kowa ya zo ya zauna ya faɗi nasa a rakoda, a soka allura a inda abin ya faru. Waɗanda aka zaɓa za a rubuta su a allon ƙarfe, a kafe a daidai wurin.

Labari ɗaya ne da Kofur, kuma shi ya fito da shi yau da rigar da aka yi wa guga. Wata safiya, shekaru da yawa da suka wuce, an ba su umarnin tare hanya saboda jerin motocin wani babban mutum. Ana cikin haka wata mata ta fito daga tasi da yaro a hannu, jikinsa ya sanƙare, idonsa ya kafe, asibiti kuma yana ɗaya ɓangaren. Kofur ya shiga gaban motocin masu jiniya ya ɗaga hannu, ya tsayar da su cik har tasin ta wuce. A kan wannan aka hana shi ƙarin girma, ya yi ritaya yana kofur, sunan kuma ya bi shi har cikin gida. Ya ba da labarin nan a falonsa har 'ya'yansa sun haddace, da ya gyara murya sai kowa ya tuna yana da wanki. So yake sau ɗaya dai labarin ya fita daga falo.

Wata budurwa mai tabarau ce ta ba su kujeru.

"Sannu da zuwa, Baba. Sannu, Mama. Wane wuri ne naku?"

"Nan," in ji Kofur, ya nuna mahaɗar da haɓa.

"To, tsarinmu shi ne ka fara sauraren abin da wasu suka faɗa a kan wurin, sannan ka faɗi naka."

Ta sa masa abin sauraro a kunne. Muryar farko ta wani direba ce, dariya ma ta hana shi magana sosai. Mai Rawa yake tunawa. Ta biyu ma Mai Rawa. Ta uku wata malama ce da ta ce suna yara har makara suke yi don kallonsa.

Kofur bai yi mamaki ba. Tare suka yi aiki a mahaɗar nan, shi da Mai Rawa, dogon mutum mai farar safar hannu wanda ba ya iya ba mota hannu sai ya juya ya karya ƙugu. Direbobi suna danna masa odar mota, yara suna tafi. Kofur kuwa yana gefe yana ainihin aikin, ba wanda ya taɓa kallonsa sau biyu. Ba ya ƙin marigayin, don sun sha raba lema ɗaya cikin ruwan sama. Amma abin yana masa ciwo a lokacin, kuma yanzu ma ya ji yana yi.

Sai murya ta huɗu ta fara, ta wata dattijuwa, a hankali take magana. Ta ce ɗanta ne ya sanƙare a cikin tasi. Ta ce ga jiniya, ga bindigogi. Kofur ya miƙe zaune, ya danna abin a kunnensa da tafin hannu. Yaron ya rayu, in ji ta, yanzu har yana da 'ya'ya. Bai taɓa sanin haka ba, sai ya ji idonsa ya cika.

"Wannan mai ba da hannun," muryar ta ci gaba, "dogon nan mai rawa, shi ya shiga gabansu. Allah ya jiƙansa."

Ya cire abin daga kunne a hankali. Ya tuna sarai inda Mai Rawa yake a ranar: a bakin titi, ƙame, yana sara wa motocin.

"Me ya faru?" matarsa ta tambaya.

"Matar tasin ce," ya ce. "Yaron ya rayu."

"Ka san labarin, Baba?" budurwar ta tambaya.

"A nan na yi aiki. Tare muke da shi."

Budurwar ta ajiye biron da ke hannunta. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta, ta mayar.

"Mahaifina ne," ta ce. "Ina ƙarama ya rasu, ko muryarsa ba na tunawa."

Sai a lokacin Kofur ya ga tsayin wuyan da faɗin goshin. Ya yi mata ta'aziyyar da ta makara da shekaru, ta amsa.

"Tun da muka kafa rumfar nan, duk wanda ya ambace shi sai ya yi dariya," ta ce. "A gida ma haka ne. In na tambaya sai a ce ubanki ai ɗan wasa ne. Ba na jin haushi, amma na gaji da dariyar. Wannan matar ce kaɗai ta faɗi wani abu daban. Na saurare ta ban san adadi ba." Ta jawo rakodar gabansa. "Sai dai ba ma sa labari a allo da sunan mutum sai wani da ya gani ya tabbatar. Mahaifiyata ta ce ba ta taɓa ji ba. Baba, da gaske shi ne?"

Matar Kofur ta gane komai. Ta gyara zama ta buɗe baki, don ita ba ta iya ganin ana cin haƙƙin mijinta ta yi shiru, ko da kuwa ita ce kan gaba wajen tsokanarsa. Ya ɗora hannu a kan gwiwarta.

Ya kalli mahaɗar. Motoci suna tsayawa suna tashi ba mai ce musu komai. Abu ɗaya ke gare shi a garin nan da zai nuna ya ce nasa ne, kuma yana son abinsa, ba ya jin kunyar son. Yarinyar kuma tana kallon bakinsa, ta haɗa hannuwa a kan tebur.

"Kunna rakodar," ya ce.

Ta kunna.

"Da safe ne, rana ta fara zafi. Motar gaba ba ta tsaya ba sai da ta kusa taɓa masa gwiwa. Wani ya leƙo ta taga yana zaginsa, ya nuna shi da bindiga. Bai sauke hannun ba. Amma kar ki ɗauka ba ya tsoro, 'yata. Bakinsa ya bushe har usur ɗin ya ƙi busuwa. Tunanin 'ya'yansa yake yi, da abin da za su ci in an kore shi. Ya dai ga ƙafar yaron tana lilo, sai ya kasa matsawa."

Budurwar tana hawaye ba ta share ba. Matarsa ta juya tana kallon taswira kamar tana neman unguwarsu.

"Yaya aka yi ka san duk wannan, Baba?"

"Kusa nake sosai."

Ta ɗauko allura ja ta miƙa masa. Ya tashi ya soka ta a tsakiyar mahaɗar, ya danna da babban yatsa har ta zauna.

"A ƙasan allon muna rubuta wanda ya ba da shaida," ta ce. "Wa zan sa?"

Kofur ya gyara wuyan rigarsa.

"Sa abokin aikinsa," ya ce.