Mashin Ɗin Malam Rabe Ya Sake Mutuwa

Karo na huɗu da mashin ɗin Malam Rabe ya mutu a tsakiyar titi, matarsa Hajiya A'i ce a bayansa.

Sauran ukun labari kawai ta ji, kowa da irin bayaninsa. Shi Malam cewa ya yi fetur ne, wai 'yan bumburutu sun koma surka shi da kalanzir. Wani maƙwabcinsu a Madaki, wanda ko keke bai taɓa hawa ba, ya rantse akwai wata tsamiya a hanyar Kwadon da ba a gifta ta babu addu'a. Ƙawar A'i kuwa ta ce bakin mutane ne, a yi wa mashin ɗin hayaƙi. A'i ta yi shekara talatin da biyu tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, kuma ta daɗe da lura cewa in mutum uku suka kawo dalili uku a kan abu ɗaya, to babu wanda ya tsaya ya duba a cikinsu.

Ɗansu Sharfaddeen bai damu da dalili ba. Ranar Juma'a ya taso daga gidansa na GRA, ya naɗe ƙafa a tabarma kamar mutumin kirki, ya ce, “Baba, in ya ƙara tsayar da ku a titi ko sau ɗaya, wallahi zuwa zan yi in ɗauke shi. In gona za ku, direba ya kai ku.”

“Direban naka ya san bambancin wake da ciyawa?” in ji Malam Rabe. “Ni da na yi malamin gona, na zaga ƙauyukan Yamaltu kaf a kan mashin tun kana rarrafe, yau ni za a loda a bayan mota kamar buhun taki?”

Sharfaddeen bai ja zancen ba, amma A'i ta san ɗanta. In ya ce zai yi, zai yi. Ta kuma san mijinta. Gonar Kwadon ce kaɗai wurin da har yanzu ake tambayarsa abu ya ba da amsa, kuma mashin ɗin ne ke kai shi can duk lokacin da ya ga dama, ba tare da ya roƙi kowa ba.

Da safiyar Talata ta ce tana da gaisuwar rasuwa a Kwadon, ya rage mata hanya. Ya dube ta, don ta fi shekara biyu ba ta hau mashin ba saboda gwiwa. Sannan ya kakkaɓe mata kujera.

Sun fita gari lafiya. Rana ta fara zafi, gero ya yi kai a gonakin bakin hanya. A'i ba gero take kallo ba. Ta leƙa ta saman kafaɗarsa ta zuba wa hannuwansa ido. Na hagu na zaune daram. Na dama, wanda ke murɗa totur, shi ne ba ya zama wuri ɗaya. Sai ya zame a hankali, Malam ya ɗaga kafaɗa ya mayar da shi, jim kaɗan ya sake zamewa. A daidai wani rami, bayan wata tifa mai yashi ta matso musu har A'i tana jin zafin injinta a gadon baya, hannun ya zame, ya ɗaga kafaɗa, babban yatsansa ya tashi ya sauka a kan ɗan jan maɓallin nan da ke kusa da totur.

Inji ya ɗauke ɗif.

Mashin ya yi nauyi, ya soma tangaɗi. Tifar ta danna oda, ta kauce da kyar, ta bar musu ƙura da zagin direba. Malam ya gangara gefe yana jan ƙafa a ƙasa. A'i ta sauka, ta riƙe wani turken allon talla har numfashinta ya dawo.

“Kin gani ko? Kin ga irin man da suke sayar mana?” Ya buga kik. Ya sake bugawa. Ya buga har sau goma, gumi ya jiƙa bakin hularsa. Jan maɓallin na nan a danne, tazarar yatsa ɗaya daga hannunsa. A'i ta buɗe baki ta rufe. Ga mutane na wucewa, ga wasu mata masu tallan gyaɗa sun tsaya kallo. Ba a nan ba.

Haka suka juyo, yana turawa tana bin sa a baya. A nan ta ga abu na biyu. Takalminsa na dama ba ya barin ƙasa sosai, yana jan wani siririn layi a cikin yashi.

Rumfar Jerome bakanike tana bakin gari, ƙarƙashin bishiyar maina. Mutumin Kaltungo ne, kansa ya yi furfura, shekara ashirin yana gyara wa Malam mashin. Yana hango su ya miƙe.

“Baba, ya sake? Kai! Mama, sannu da rana. Yau har da ku aka tura?”

“Ka duba fulogin nan da kyau,” in ji Malam. “Wancan karon wasa ka yi.”

“To, Baba.”

A'i ta zauna a benci. Ta ga Jerome ya yafa tsumma a kan hannun mashin ɗin kamar mai share ƙura, ta kuma ga ƙaramin yatsansa ya shiga ƙarƙashin tsumman ya mayar da jan maɓallin. Sannan ya durƙusa, ya kwance fulogi, ya ɗaga shi sama yana girgiza kai, ya hura, ya goge da burushin waya kamar mai babban aiki.

Malam ya ɗauki buta ya zaga bayan rumfa.

“Jerome.”

“Na'am, Mama.”

“Me ya sami fulogin?”

Ya juya shi a tafin hannu. “Ya ɗan yi baƙi.”

“Na ga yatsanka.”

Ya ajiye burushin ya rage murya. “Mama, ranar farko na gaya musu. Na ce Baba, kun taɓa wannan ne, shi ke kashe inji. Suka ce in maimaita abin da na faɗa. Ni kuwa ban maimaita ba. Mutumin da ya koya wa rabin garin nan hawan mashin, ni zan tsaya in ce masa bai san inda yatsansa yake ba? Sai in wanke fulogi, su tafi da farin ciki.”

“Sau uku.”

“Da na yau huɗu.” Ya waiga bayan rumfa. “Amma akwai dabara. Waya ɗaya ce. In na cire ta, ko da guduma suka doki maɓallin, inji ba zai mutu ba. Minti biyu. 'Yan acaba da yawa sun cire nasu. Ba wanda zai sani, ko Oga Sharfaddeen.”

A'i ta dubi mashin ɗin. Gajiya ta sauko mata tun daga wuya, irin wadda ta sani a ƙarshen dogon aiki, lokacin da mutum ke son a ce masa komai ya yi daidai ko da ƙarya ne. Minti biyu. Gida ya zauna lafiya. Malam ya ci gaba da fita da safe, ya dawo da ƙaiƙayi a riga yana ba ta labarin tsutsar wake. Ta ga tsofaffi da yawa da 'ya'yansu suka zaunar don ƙauna. Wata shida sun isa su mayar da namiji abin tausayi a ƙofar gida, yana ƙirga masu wucewa.

“Birkin gaba,” ta ce, “da wane hannu ake kama shi?”

Jerome ya sunkuyar da kai. “Da na dama, Mama.”

“To bar wayar nan inda take.”

Malam ya dawo yana yarfe ruwa daga hannun hagu. “An gama? Rana na yi, ga ta da gaisuwa.”

“Malam, zauna nan.”

“In zauna in yi me?”

“Zauna dai.” Muryar da ta yi shekaru tana sa ƙattin maza su kwanta a yi musu allura ce ta fito, ba ta gida ba. Ya dube ta, ya dubi Jerome, ya zauna a bakin benci. “Miƙe hannuwanka biyu gaba, tafin yana kallon sama, kamar mai addu'a. Yawwa. Rufe ido.”

“A'i, a bakin titi? Wasan yara za ki sa ni a gaban mutane?”

“Babu kowa sai Jerome, shi ma fulogi yake wankewa. Rufe.”

Jerome ya juya musu baya ya kama goge abin da ya riga ya goge.

Malam ya rufe ido. A'i ta fara ƙirga a zuci. Kafin ta kai biyar, hannun dama ya soma juyawa, tafin ya kifa, ya yi ƙasa a hankali kamar ana jan sa da zare. Na hagu na nan inda yake. Fuskarsa ba ta nuna ya san wani abu na faruwa ba.

“Kada ka motsa. Buɗe ido.”

Ya buɗe. Ya daɗe yana kallon hannuwan nan biyu, ɗaya a sama, ɗaya ya kusa taɓa gwiwa. Sannan ya sa na hagu ya ɗauko na daman ya ɗora a cinya.

“Ba fetur ba ne,” in ji A'i. “Yatsanka ne ke danne maɓallin, ba ka ji. Na gani da idona.”

Wata motar itace ta wuce. Bai ɗago ba.

“Tun kafin azumi,” ya ce a ƙarshe. “Carbi na faɗuwa. Maɓallin wuyan riga sai in yi ta fama. Na ce sanyi ne.”

“Maganin hawan jinin fa?”

“Sa ni fitsari yake yi a hanya.”

Da a da ne da ta yi faɗa har Jerome ya ba da haƙuri. Yau ba ta da ƙarfinsa. Ta ce, “Wannan gargaɗin shanyewar ɓarin jiki ne aka yi maka, Malam, ba babban ne ya zo ba tukuna. Asibiti za mu yanzu, ba gobe ba.”

“Gaisuwar fa?”

“Mamacin ba zai ƙara mutuwa ba.”

“Sharfaddeen zai ɗauke mashin ɗin ke nan.”

“Zai ɗauke. Ni zan kira shi ma.”

Ya kalle ta irin kallon da bai taɓa yi mata ba, ba na fushi ba, ta gwammace a ce fushin ne. Ta jure, ba ta kawar da kai ba.

Jerome ya tsayar musu da Keke Napep. Malam ya miƙe, ya tsaya gaban mashin ɗin kamar zai ce wani abu, sai ya wuce. Wajen shiga, ƙafar dama ta ƙi hawa, Jerome ya tallafe ta yana yi kamar bakin rigar yake gyara masa.

Keken ya juya ya nufi cikin gari. A'i ta ciro waya daga jaka ta riƙe, ba ta danna ba tukuna.

“Waken nan saura kwana goma a fara tsinka,” in ji Malam, yana kallon waje.

“Na sani.”

“Masu aikin gonar ba za su iya ba. Ɗanye za su haɗa da busasshe.”

“To sai ka je ka zauna a inuwa ka yi ta yi musu faɗa. Baki dai lafiyarsa ƙalau.”

Bai yi dariya ba. Ya jingina kai da ƙarfen keken, ya ce wa direban ya bi a hankali, akwai rami a gaba. A'i ta nemo lambar ɗanta ta danna.