Wa Ya Buɗe Ƙofar Ruwa?

Ran Saude ya ɓaci tun kafin ta gama karanta abin da ke shafin ƙungiyar manoman rani: "An bar ƙofar ruwa a buɗe, an yi asarar albasa. Allah ya kiyaye gaba."

An bari! Sai ka ce aljani ne ya bari. Kowa a bakin madatsar ruwa ta Tiga ya san makullin yana hannun mahaifinta, Malam Inuwa, don haka masu sharhi suka yi masa caa. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce a karɓe makullin bayan sallar Juma'a. Tsohon ko masallaci ya daina zuwa don kunya.

Ta hau acaɓa sai Kwanar Dangora, shagon cajin waya na Mujitaba, ɗan ƙanin babanta, mai rubuta shafin. A tsaitsaye ta gaishe shi.

"Yaya Mujitaba, wa ya buɗe?"

"Ai na rubuta an..."

"Wa? Mutum ne, yana da suna!"

Ya sunkuyar da kai. Da idonsa ya ga Alhaji Ubale ya ari makullin don ya ba shinkafarsa ruwa, ya wuce kasuwa ya manta. Amma Alhaji Ubale uban matarsa Badiyya ne.

"Haba Saude, surukina ne fa. Ko sunansa ba na iya kamawa, balle in sa shi a intanet."

"To, kunyar surukinka ta fi mutuncin wan ubanka? Ka ɓoye mai laifi, mutane suka laƙa wa mai makulli. Baba bai ce uffan ba don kada ya kashe maka aure, kai kuma kana nan kana jona waya!"

Mujitaba ya ɗauki wayarsa ya buɗe shafin. Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. Da ƙyar ya miƙo mata wayar: "Surukina ne ya ari makulli, shi ya buɗe ƙofar ruwa. Ni na gani."

Ba ta ba shi damar sake shawara ba, da kanta ta tura, ta mayar masa da wayar.

Ko ajiye wayar bai yi ba ta fara ruri, sunan Badiyya a kai. Saude ta fice abinta, ko kaɗan ba ta tausaya masa ba. Sai da acaɓa ya hau titi ta tuna cewa Badiyya ma yanzu tana riƙe da waya, tana karanta abin da ake cewa a kan ubanta.