Rijiyar Balaraba da Kwalbar Bature

A shekarun da Nasara ba su daɗe da zama Sakkwato ba, anka kawo wani Bature likita wanda bai cika duba marasa lafiya ba, shi ruwa yake dubawa. Gudawa ta yi ɓarna a damunar da ta gabata, shi kuwa ya ce sai ya gano rijiyoyin da ciwon ke fitowa. Mutanen gari sunka sa masa suna Mai Kwalabe.

Ni Mode, a lokacin na riga na aje fatauci. Na kai fata Lakwaja, na ɗauko goro Gwanja, na ga Turawa tun ba a san kamarsu a nan ba. Karatuna bai wuce abin sallah ba, amma na zauna da mutane iri-iri, na san wanda ake roƙo, na san wanda roƙo ke ƙara wa taurin kai.

Yayata Balaraba tana zaune a Ƙofar Dundaye, gidan mijinta marigayi Malam Ɗahiru. A tsakar gidan akwai rijiya, shi ya gina ta tun suna amarya da ango. Ɗanta Yari ya yi kudu neman abinci, gidan daga ita sai surukarta Zulaihatu mai goyo. Gwiwoyin Balaraba sun daɗe da ƙi. In babu rijiyar nan, sai gulbi, kuma babu mai zuwa gulbin a gidan. Matan unguwa ma a nan suke ɗiban ruwa.

Wata safiya ta aiko a kira ni. Na iske ta zaune a bakin rijiya, mai unguwa Audi yana tsaye a ƙofar zaure kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"Mode, ka ji abin da sunka ce?" in ji ta. "Wai rijiyar Malam guba ce. Wai a cike ta kahin Juma'a."

"Ba ni na ce ba, Inna," in ji Audi daga zaure. "Daga bariki maganar ta hito. An kai ruwan gidanga cikin kwalba, Mai Kwalabe ya duba, ya ce bai shawuwa."

"Ni da ke shan shi tun kana rarrahe, ga ni zaune. Ko mutuwa na yi ban sani ba?"

Na ce ta yi haƙuri, kada ta sa kowa kuka tukuna. Audi ya ja ni gefe ya ce mu tara dattawa mu je mu faɗi gaban Bature. Na ce masa a'a. Na taɓa ganin an yi haka a Lakwaja, mutum ashirin a durƙushe, Baturen ya ɗauka tunda ana roƙo haka, lalle akwai abin da ake ɓoyewa.

Ni kaɗai na tafi bariki. Tafintan likitan wani Banufe ne, Ƙasimu, na san ubansa a bakin Kwara. Da ya gan ni sai ya girgiza kai.

"Baba Mode, in roƙo ya kawo ka, ka huta da bakinka. Mutumin nan ba ya jin Allah-Annabi."

"Wa ya ce maka roƙo? Kallo na zo. An ce yana da takarda mai gane ruwa, ni kuwa na tsufa ban taɓa gani ba."

Ƙasimu ya yi dariya ya shiga. Ba a daɗe ba anka ce in shigo. Duk mai sana'a, Bature ko Bahaushe, in ka ce ka zo ganin gwanintarsa, zai ba ka wurin zama.

Dogon mutum ne, rana ta gasa masa wuya. Kwalabe jere a kan tebur, kowace da alama a jikinta. Ya ɗauko 'yar takarda ja mai tsawon yatsa, ya tsoma a kwalba ɗaya, ta fito ja yadda take. Ya ɗauko wata, ya tsoma a kwalbar gidan Balaraba. A gaban idona ta rikiɗe ta koma shuɗiya. Ban ɓoye mamakina ba, don mamakin na gaske ne.

Ta bakin Ƙasimu ya bayyana mani. Ruwan toka ke sa takardar nan yin shuɗi. A bayan unguwarmu kuwa akwai marina, inda ake zuba toka a rijiyoyin rini. A ganinsa ruwan marinar ne ke bi ta ƙarƙashin ƙasa yana tsiyaya cikin rijiyar Balaraba. In ruwan rini ya samu hanya, to ƙazanta ma ta samu.

Maganar ta shige ni, don ba ta wauta ba ce. Sai na ce, "Ƙasimu, tambaye shi, rijiyar Sule marini da ke jikin marinar, wane launi ta ba da?"

Baturen ya dube ni, ya dubi kwalabensa. Ya jawo ɗaya ya tsoma takarda, ta fito ja. Ya yi magana a hankali, Ƙasimu ya ce, "Ya ce wannan abin shi ma ya dame shi."

"Ni dai ban san ƙarƙashin ƙasa ba," na ce. "Wataƙila ruwan ya tsallake ta kusa ya tahi ta nesa, Allah mai iko ne. Amma abin mamaki irin wanga, in ni ne, ba ni bari a binne shi ban leƙa da idona ba."

Ya ce gobe da hantsi zai zo.

Wuyar aikin tana gida. Da na gaya wa Balaraba sai ta ɗaure fuska.

"Namiji, kuma Nasara, cikin gidan Malam? Ga matar Yari ciki?"

"Yaya, ko shi shigo shi hita, ko masu cikewa su shigo da kwandunan ƙasa. Su ma ba mata ba ne, kuma sun hi shi yawa."

Ta harare ni, ta ce tun ina yaro bakina ya fi ni girma. Amma ta yarda.

Washegari Zulaihatu ta shige ɗaki ta saki asabari. Likitan ya iso da Ƙasimu da masinjansa Jibrin, wanda shi ke yawon tara kwalabe. Muna zaure ana gaisuwa sai ga Balaraba tana ɗingishi, riƙe da sabuwar ƙwarya an rufe da faifai. Ta aje a gaban baƙo ta koma gefe.

Ya sa a tambaye ta ko ruwan rijiyar ne. Ta ce ƙwarai, ba ta da wani. Ya zaro jar takarda ya tsoma. Ta koma shuɗiya, har ta fi ta jiya. Na ce a raina, Mode, ka kawo mutum har gida ya tabbatar da abin da kake gudu.

Duk da haka ya ce a kai shi bakin rijiyar. Munka shiga. Ya leƙa, ya shinshina, ya karɓi guga daga hannun Jibrin ya zura da kansa. Bai iya jan igiya ba, rabin ruwan ya zube a kan takalmansa. Ya tsoma takarda a abin da ya rage. Ta fito ja. Ya sake zura guga, ya sake tsomawa, ja. Ya tsaya da takarda ja a hannu ɗaya, shuɗiya a ɗayan, yana kallon su.

Na koma zaure na ɗauko ƙwaryar nan na kurɓa. Sanyi, ƙamshi, da wani ɗan gishiri-gishiri a bayan harshe da kowane ɗan Sakkwato ya sani.

"Yaya, mi kinka sa cikin ruwanga?"

"Mi zan sa? Saiwar jema ce mai ƙamshi da 'yar jar kanwa, daga randar baƙi."

"Ranar da anka kawo kwalba fa?"

Jibrin ya riga ta amsawa, yana kare kansa tun ba a tuhume shi ba. "Ni a zaure na tsaya, Baba. Gidan matan aure ne, ina zan shiga? Na yi sallama, na ce Bature na son ruwan gidan nan, na miƙa kwalba, aka ciko aka miƙo mani."

"To da mi kuke so in ciko ta?" in ji Balaraba. "Baƙo shi aiko neman ruwa gidana, in ɗebo mashi tsuransa daga guga kamar mai ban ruwan jaki? Har kanwar na ƙara, don an ce cikinsu bai son ruwan ƙasarga."

Ƙasimu ya juya maganar yana cije leɓe. Likitan ya ce a kawo masa kanwar. Balaraba ta kwance bakin zanenta ta ba shi ɗan gutsure. Ya jefa a ruwan gugar, ya motsa da yatsa, ya tsoma takarda. Shuɗi.

Sai ya tambayi Jibrin, cikin kwalaben da ke bariki, nawa ne ya ɗiba da hannunsa. Jibrin ya ce na bakin hanya da na masallatai da ta Sule marini. Sauran duk na cikin gidaje ne, mata sunka ciko. Baturen ya nemi turmi ya zauna, ya cire hularsa, ya daɗe yana kallon ƙasa. Na zaci faɗa zai yi. Sai na ga kafaɗunsa na rawa, ashe dariya yake. Ya tambaye ni me kuma mata ke sa wa ruwan baƙo. Na ce ya danganta da gida: wata tsamiya, wata garin gero, wata ta turara randar. Wadda ba ta da komai ma za ta tace da ƙyalle ta bari ya kwana. Ya ce ke nan tun da ya zo, kirkin matan Sakkwato yake aunawa.

Balaraba ta matsa kusa da ni. "Ya hasa?"

Ƙasimu ya tambaya. Likitan ya ce maganar toka ta mutu, amma bai gama ba. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke kawo gudawa, takardar nan ba ta nuna su. Zai tafi da ruwan da ya ɗiba da kansa, ya duba. Kafin nan ba mai taɓa rijiyar.

Kwanakin jiran nan sun yi mani tsawo. Kanwa na sani, halittun da ba a gani kuwa babu dabarar da zan yi masu. Juma'a ta zo ta wuce. A tsakanin nan likitan ya sake aikinsa daga farko, ya ɗauki Hasana ungozoma, wadda ba gidan da ba ta shiga, ita ke zura guga ta cika kwalba, ta rantse ba ta bari an sa komai ba. An ce ta sha zagi wurin tsofaffi.

Wata la'asar Ƙasimu ya same ni a gindin durumin kasuwa. Tun daga nesa na ga tafiyarsa ba ta mai mugun labari ba ce.

"Baba Mode, rijiyarku ta tsira. Ya ce tana cikin masu kyau. Sai dai a ɗaga bakinta ya kai gwiwa, a yi mata marfi, kuma guga ɗaya kawai, a rinƙa rataye ta, kada ta taɓa ƙasa."

Na ba shi goron da ke aljihuna duka, na kama hanyar Ƙofar Dundaye da saurin da na daɗe ban yi ba.

Na iske Balaraba tana tsince wake. Na gaya mata. Ta aje faifan, ta shafa fuska da hannu biyu, ta yi hamdala a hankali. Zulaihatu ta leƙo daga ɗaki tana murmushi, ta koma.

Can Balaraba ta ɗago. "Guga guda ka ce? Matan unguwarga duka?"

"Haka ya ce."

"Bai san su ba. Atika da Lami kaɗai sai an raba su." Ta jawo faifanta. "To mi kake tsaye? Tahi ka nemo magini tun rana ba ta hwaɗi ba. Kuma kada ka kawo mani wanda ya yi maka katangar da ta zube."

Na sa takalmana na fita neman magini.