Ƙofar da Ake Shiga

Guat Eng na gida lokacin da ɗanta Boon Teik ya kawo Sifu Oon, masanin feng shui, ilimin tsara gida don sa'a ta shigo, ya duba musu lambun gidansu da ke garin Balik Pulau. Ta dafa musu kofi, ta zauna bakin baranda tana gyaran wake.

Sifu ya tsaya a babbar ƙofar gaba, ya jingina faifan kamfas, abin gane alƙibla, da cikinsa, ya daɗe yana kallon allurar. Sannan ya nuna mangwaron da marigayi mijin Guat Eng ya dasa shekarar da suka tare.

"Wannan ita ce matsalar. Bishiya ta yi saiti da ƙofa kamar mashi. Ta ina iskar sa'a za ta shigo? Sai an sare."

"Kin ji ko, Mama?" in ji Boon Teik. "Gobe zan kira masu zarto."

Guat Eng ta ci gaba da gyaran wake. Ta bari Sifu ya gama bayanin inda za a haƙa tafkin kifi, da yadda hanya za ta lanƙwasa. Sai da ya kurɓi kofi ta ɗago kai.

"Sifu, ni ban yi karatu ba. Iskar nan, ta wace ƙofa take shiga gida?"

"Ta inda mutane ke shiga mana, uwar gida. Ƙafa take bi."

"To. Kai ta ina ka shigo ɗazu?"

Sifu ya waiga. Takalmansa na can gefen gida, bakin ƙofar kicin, cikin tulin silifas.

"Waccan ta gaban," ta ce, "sau biyu aka buɗe ta. Ranar da aka kawo ni, da ranar da aka fitar da gawar baban Boon Teik. Makullin ma ya yi tsatsa. Tambayi wannan sarkin zarton, ko ya san inda yake."

Boon Teik ya sosa ƙeya.

Sifu ya fashe da dariya har faifan na rawa. Ya taka ba takalmi zuwa ƙofar kicin, ya juya wa gidan baya, ya sake awo. Yanzu mangwaron na hannunsa na hagu, dogo, ya yi luf da ganye.

"Hagu, gefen Koren Dodo mai tsaron gida! Nan ake son abu mai tsayi. Yaro, mutane kan yi shekara ashirin suna jiran bishiya irin wannan. Ka taɓa ta, ni da kai ne."

"Ai ni ba..." in ji Boon Teik.

"Kai dai je ka ɗauko gora," in ji Guat Eng, ta miƙe tana karkaɗe zani. "Waɗancan na saman sun nuna. Ka kakkaɓo wa Sifu, ka zaɓi manya."